Mai Gilashi da Farar Ƙwayar Safiya

A shagon da ake haɗa tagogi da ƙofofin alminiyum, can ƙarshen layin masu walda, akwai wani mutum da kowa ke kira Mai Gilashi. Ba shi ne mai shagon ba, shi dai yanka ce aikinsa. Teburinsa ya fi na kowa faɗi, an shimfiɗa masa tsohon bargo don kada gilashi ya karce. In ya ɗora fallen gilashi a kai, ya daidaita ma'auni, ya ja ƙarfen yankansa, sai ka ji wani siririn kuka kamar na gyare. Daga nan ya sa manyan yatsunsa ya ɗan danna, ƙas, gilashi ya rabu biyu kamar da ma can ba a haɗe yake ba. Oga, mai shagon, yakan ce wa masu kawo aiki, "In dai shi ya yanka, ku je ku saka kawai, ba sai kun gwada ba."

Wanda ya san shi da ƙuruciya ba zai yarda mutum ɗaya ba ne. A gidansu Sarkin Mantuwa ake ce masa. A aike shi sayo gishiri, ya dawo bayan an sauke tukunya, hannu rabbana, sai dogon labarin wata mota da ya tsaya kallo ana ciro ta daga kwata. A makaranta malamai suka ce yaron yana da kai, amma kan nasa kwando ne, ba ya riƙe ruwa. Ya yi koyon kanikanci, ya bar noti bai ɗaure ba, aka sallame shi. Ya yi tsaron kanti, ya tafi ya bar ƙofa a buɗe. Mahaifinsu ya yi faɗan, ya yi dukan, ya yi addu'ar, har ya koma ga Allah yana ganin ɗan nan nasa bai yi ba.

Yayarsa ce, wadda ta goye shi yana jariri, ta ja hannunsa zuwa asibiti, ranar da ya bar dutsen guga a kan katifa ya fita, saura ƙiris ɗakin ya tashi. Lokacin ya doshi shekara talatin. Wani dattijon likita ya zaunar da shi ya yi ta tambaya, tun daga yadda yake zama a aji yana yaro har yadda yake barci. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya ce, "Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma taurin kai ba. Hankalinka ne ba ya iya tsayawa wuri guda, kuma akwai abin da ke taimakawa." Ya rubuta masa wata 'yar farar ƙwaya, a sha kowace safiya.

Ranar da ya fara sha, zama ya yi a bakin gado yana mamaki. Ashe haka sauran mutane suke ji? Ashe ana iya ɗaukar abu ɗaya, a yi shi, a gama, sannan a ɗauki na gaba? Kamar kasuwa ce ta daɗe tana ci a kansa, yau aka wayi gari ta watse. A shekarar ya shiga wurin Oga ya koyi yanka. Bayan ya tsaya da ƙafafunsa ya auri wata malamar firamare, Allah ya ba su 'ya ɗaya, wadda yanzu take makarantar kwana. Malama ta san yana shan magani da safe, amma ta ɗauke shi kamar na ƙarin kuzari. Ba ta taɓa ganin mijinta ba tare da maganin ba, ko na wuni guda. Mutanen shago kuwa ba wanda ya sani. Ya san bakin mutane, da sun ji ƙwaya, shi ke nan, ba mai tsayawa ya tambayi wa ya rubuta.

Ya haura arba'in da 'yan kai lokacin da abin ya faru. Suna ɗauke da wani babban falle shi da Dogo, abokin aikinsa, sai ya ji ƙirjinsa yana dukan uku-uku, idonsa ya yi duhu. Da ƙyar suka jingine gilashin. A asibiti aka yi gwaje-gwaje, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Dattijon likitan nan ya daɗe da ajiye aiki, wata matashiya ce a kujerarsa. Ta duba takardun ta ce, "Baba, maganin nan ya yi maka aiki shekara da shekaru, amma yanzu jininka ya hau, zuciyar kuma ba za ta ƙara ɗauka ba. Dole mu janye shi."

Ya ce, "To likita, ni da me zan riƙe kaina?"

Ta ce, "Ba lokaci guda za mu cire ba, a hankali za mu rage. Akwai dabarun da zan nuna maka. Amma ba zan ɓoye maka ba, za ka sha wuya da farko."

Aka koma rabi, aka koma ɗan gutsure, har aka zo safiyar da babu komai. Ya tashi, ya yi wanka, hannunsa ya miƙe da kansa zuwa saman kwaba inda kwalbar take zama. Ya shafa wurin, sai ƙura. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da tawul a wuya, yana jin Malama a kicin tana buga cokali a kofi, ya rasa abin da ake yi bayan wannan.

Makonnin farko barci ne ya zame masa aiki. Yakan kwanta da wuri, ya tashi kamar wanda aka yi wa duka da taɓarya. A cikin bas barci, a kan benci lokacin hutu barci. Ga wata yunwa da bai san irinta ba, ya ci ya ƙoshi, kafin a wanke kwano ya ji cikinsa na kira, kuma abincin ba ɗanɗano. Ba abin da ke ba shi dariya, ba abin da ke ba shi haushi. Malama ta taɓa goshinsa ta ce ko zazzaɓi ne. Ya ce a'a, likita ta faɗa za a yi haka. Ta ce, "To Allah ya sawwaƙe," ta ɗauki jakarta da littattafan yara ta tafi makaranta. Ya bi bayanta da kallo. Yana son ya ce mata wani abu, amma bai san sunan abin ba.

Da barcin ya fara sakinsa, sai tsohon baƙo ya yi sallama. Wanda ya yi zaton ya mutu, ashe tafiya ya yi. Ya fara da ƙananan abubuwa: makulli a cikin firji, takalmi ƙafa ɗaya an goge ɗaya ba a goge ba, fensirin awo da yake nema ko'ina alhali yana maƙale a kunnensa. A shago ya soma jin komai lokaci guda. Ƙarar injin yankan alminiyum, rediyon mai walda, wata mata da ke ciniki a bakin ƙofa, ƙuda a jikin taga, duk suna jan rigarsa, kowanne na cewa shi za a fara saurara.

Wani mai aski ya kawo aikin babban madubi, bango guda. Mai Gilashi ya ɗora fallen, ya karanta awon da Oga ya rubuta, ya ɗauki ma'auni. Wayar Dogo ta yi ƙara, ya ɗaga kai, ya ji ana maganar wani da ya yi haɗari, ya tuna tayar kekensa ta daɗe a sace, ya sunkuya ya ja ƙarfe. Ƙas. Da aka kai shagon askin aka ɗaga, madubi ya gaza da kusan tafin hannu. Gilashi kuwa ba yadi ba ne, ba a yi masa ƙari. Oga ya zo ya tsaya a bakin teburin, ya dubi guntun da ya rage, ya dubi Mai Gilashi, ya ce, "Ba komai, gwani ma yakan zame." Amma bayan 'yan kwanaki ya yanka gilashin wata taga a kwance maimakon a tsaye. Sannan wani tsinin gilashi ya shata masa tafin hannu, shi da ya shekara goma sha wani abu ko filasta bai nema ba.

Ranar da aka ɗinke hannun, shi da Dogo suka zauna wurin mai shayi. Dogo ya ce, "Wai lafiyarka kuwa? Ko matsalar gida ce? Ka faɗa min, mu ai mun zama 'yan uwa."

Cikinsa ya cika, yana neman inda zai sauke. Sai ya kwashe komai ya faɗa masa, tun daga dutsen guga har likitar da ta janye maganin. Dogo ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, "Ikon Allah. Ikon Allah." Ba da mugunta ya kai maganar gaba ba, shi dai mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa. Amma magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo ta gama layin, kuma ta canza riga a hanya. Mai Gilashi yana wucewa ya ji wani yana cewa, "Ashe duk gwanintar nan ƙwaya ce." Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ƙwala masa kira, "Mutumina, ba ragowar abin nan? Yau aiki ya yi min yawa!" Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi yaƙe ya wuce. Daga ranar ya daina zama a bencin mai shayi.

Oga mutumin kirki ne, bai kore shi ba. Ya kira shi gefe ya ce, "Ka koma ɗakin baya ka riƙe gugar bakin gilashi, kafin jikinka ya dawo. Dogo zai riƙe tebur."

Ɗakin baya ɗan ƙarami ne, tagarsa ɗaya a sama. Akwai injin da dutsensa ke juyawa, ruwa na ɗiga a kai, ana goga bakin gilashin da aka yanka don kada ya yanki mutum. Aikin sababbin shiga ne. Nan yake wuni, rigar leda a gaba, farin ruwa kamar tsiyayar alli yana gangara masa har gwiwar hannu. Ta jikin bango yakan ji kukan ƙarfen yanka a kan teburinsa, kuma daga sautin kaɗai ya san Dogo yana danna hannu fiye da kima. Sai ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya tuna ba wanda ya tambaye shi.

A gida ma abin bai zo da sauƙi ba. Malama takan ce, "Maigida, in za ka dawo ka biya ka karɓo ɗinkina, ka sayo sabulu, ka kuma yi wa mai gyaran famfo magana." Ya dawo da sabulu, wani lokacin ma da ƙwan fitila da ba wanda ya ce ya sayo. In tana ba shi labarin makaranta, sai ya katse ta da wata magana da ta faɗo masa, don ya san in bai faɗa yanzu ba ta tafi ke nan. Wata safiya ya buɗe famfo ba ruwa, ya fita bai rufe ba. Ruwa ya dawo da rana. Malama ta dawo daga aiki ta tarar da tsakar ɗaki ya zama tafki, littattafan yara da ta bari a ƙasa sun sha sun ƙoshi. Ya shigo ya same ta a durƙushe tana matse tsumma a bokiti. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Wallahi kamar an musanya min kai."

Ya ce, "Malama, ni ne. Da ma haka nake."

Ta ce, "Ni ban san wannan ba."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta zauna masa a ƙirji. Daga baya ta daina aikensa. Ita ke karɓo ɗinkinta, ita ke kiran mai gyara, ita ke bi bayansa tana duba famfo da murhu ba tare da ta ce uffan ba. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Sukan zauna a falo da yamma, tana duba aikin yara da jan biro, shi yana canza tashar talabijin, tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba, amma ji yake kamar ta bayan gilashi mai kauri yake hango ta.

Wata ranar hutu ya hau bas ya tafi wurin Yaya, a ɗaya gefen gari. Ta tsufa, gwiwa ta hana ta yawo, 'ya'yanta duk sun watse. Ta zuba masa abinci, ya fara ci, ya tashi duba wata rediyo da ya gani a kan kwaba, ya kwance bayanta, ya bar ta a buɗe ya koma ba ta labarin likita, bai ƙarasa ba ya tambaye ta ina bishiyar da ke ƙofar gida. Yaya ta zuba masa ido, sai ta kama dariya har da hawaye.

"Oyoyo! Sarkin Mantuwa ya dawo daga tafiya. Wallahi yau na ga ƙanena. Wancan mai tsare gida da ka zama, har nauyinsa nake ji."

Ya ce, "Yaya, ba abin dariya ba ne. Ni ba na son yaron nan. Baba ma bai so shi ba."

Dariyar ta tsaya. Ta murza gwiwarta, sannan ta ce, "Ni na so shi. Ni na goye shi. Kuma ka sani, yaron can bai iya komai ba, kai kuwa hannunka ya iya sana'a. Ƙwaya ba ta da yatsu, ba ita ta yi ta yankan nan ba." Ta tura masa kwanon. "Ƙarasa abincinka, ka kuma rufe min rediyona kafin ka tafi."

Ya rufe rediyon. Hularsa ce ya bari a kan kujera, sai da bas ta yi nisa ya ji iska a kansa.

Ya koma wurin likitar, wannan karon ya saurari dabarun da ta ce. Wasu sun kama shi, wasu sun ƙi. Ya kafa ƙusa a bayan ƙofa, makulli ba ya kwana ko'ina sai nan. Ya daina hawa bas da safe, yakan taka da ƙafa har shago, don ya lura in jiki ya ɗan gaji, kai yakan lafa. Da ya isa sai ya miƙa wa Oga wayarsa a jefa a durowa. Ya sayi audugar kunne saboda rediyon mai walda. Agogon da aka ce ya riƙa saitawa don ya tuna masa abubuwa kuwa, kullum mantawa yake ya saita. Jininsa ya sauka, ƙirjin ya daina bugun nan. Likita ta yi murna, ta ce ya ci gaba. Ya yi mata godiya, ya fito ya tsaya a bakin asibitin, ba wanda zai gaya wa.

Wata rana da tsakar rana, kowa ya tafi cin abinci, shi kaɗai ya rage a shago. Sai ga wata dattijuwa ta yi sallama, riƙe da wani abu naɗe a mayafi. Hoto ne a cikin firam na katako, gilashinsa ya tsage gida-gida. Wani mutum ne a ciki sanye da kayan aikin jirgin ƙasa, hoton har ya fara ja.

"Maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Jikata ce ta ture shi. Ko za a samu wanda zai sa min wani?"

Ya kusa cewa ta jira Dogo. Sai ya dubi teburin, ba kowa a kai. Ya ce, "Zauna, Hajiya... zauna, Inna, ga kujera."

Ya cire rigar ledar, ya goge hannu. Ya zare fasassun a hankali don kada su karci fuskar mamacin. Ya auna faɗi, ya faɗa da ƙarfi, ya rubuta a jikin sabon gilashin da ya ɗauko. Ya auna tsawo, ya faɗa, ya rubuta. Ya sake aunawa. Dattijuwar ta fara ba shi labarin yadda marigayin yake dawowa da ƙanshin man inji a jikinsa, hankalinsa ya bi ta har tasha, ya ga jirgi, ya ji usur. Ya farga ƙarfe na hannunsa, bai san ko ya daidaita ma'aunin ba. Ya ajiye ya ce, "Inna, don Allah ki ɗan dakata min da labarin, sai na yanka. Kaina ba ya ɗaukar biyu."

Ta ce, "Ai ni ma haka nake, ɗan nan. Yi aikinka."

Ya sake farawa daga farko. Ya ja, ya danna, ƙas. Ya juya, ya ja, ƙas. Gilashin ya faɗa cikin firam ya zauna daram, ko motsi ba ya yi. Ya goge shi da gefen rigarsa ya miƙa mata. Ta daɗe tana kallon hoton, ta sa masa albarka, ta ƙarasa masa labarin jirgin, ta naɗe kayanta ta tafi. Kafin su Dogo su dawo ya share teburin ya koma ɗakin baya.

Duk hanyar gida yana ta tsara yadda zai ba Malama labari, yana maimaitawa don kada ya zube. Ya shiga, ya rataye makulli a ƙusa. Tana zaune da tarin littattafai a cinya.

"Malama, yau wata tsohuwa ta zo shago..."

"Sannu da zuwa," ta ce, ba ta ɗago ba. "An kira daga makarantar yarinyar nan, wai an neme ka a waya ba ka ɗauka ba. Ina wayar taka?"

Ya shafa aljihu. Tana can a durowar Oga, an kulle shago.

Malama ta ja numfashi, ta ce ba komai, ta riga ta yi magana da su. Ta koma kan jan bironta. Ya ɗan tsaya, labarin na bakinsa, sai ya ga lokacinsa ya wuce. Ya shiga ciki ya wanke farin ruwan da ya bushe a hannunsa.

Har yanzu yana wurin Oga. Manyan fallaye na hannun Dogo, kuma ba alamar za su dawo. Amma ƙananan ayyuka, gilashin hoto, madubin mota, murfin agogon bango, akan tara masa su a wani kwali, ya yanka da rana lokacin da shago ya yi shiru. Yana yi a hankali, yana magana shi kaɗai, yana faɗin awo da ƙarfi. Masu wucewa ta layin sukan leƙo su ga mutum a tsaye yana gaya wa gilashi lamba, wasu su yi murmushi, wasu su girgiza kai, su wuce abinsu.